Baƙuwa a Asibitin Narin

Ranar Talata ta iso Narin a bayan tirela,
kwananta biyu a hanya tun daga Bishkek.
Dusar ƙanƙara ta riga ta hau kan duwatsu,
tana leƙen garinmu kamar mai bin bashi.
Direban ya sauko yana dafe da ƙugu,
ya ce, tan shida ce, ku sa mini hannu in koma.

Ni Asankul, shekara talatin da ɗaya
ina ɗura wa tsohuwar tukunya kwal da shebur.
Na san tarinta, na san fushinta na asuba,
na san inda ake ƙwanƙwasa mata sufana ta huce.
Makon jiya suka yanka ta da wuta, gunduwa-gunduwa,
'yan gwangwan suka ɗora ta a sikeli.
Ban je kallo ba.

Ga sabuwa nan a akwatin katako.
Ermek ya cusa ƙarfe a haƙarƙarin akwatin,
ƙusoshi na ƙara, ɗaya na bin ɗaya,
allo ya kwanta, wani ya bi shi.
Leda, soso, igiya, wata ledar kuma,
an naɗe ta kamar jinjirin da aka haifa a sanyi.
Sai ga ta, ja wur, ko ƙwarzane babu,
da littafinta mai harshe tara, ba namu a ciki.

Ta fi ƙofar ɗakin faɗi da yatsa biyu.
Yatsa biyu kacal suka ci mana hantsi,
sai da muka ɓalle firam da guduma.
Muka jera bututun ƙarfe huɗu a ƙasa,
tana mirginawa, na baya ya koma gaba.
Ja! Tsaya! Ja! Sarƙa na gurnani,
Ermek na ihu, ku kula da yatsunku,
wannan ba ta san ban haƙuri ba.
Taku goma sha biyu, har rana ta karkata.

Injiniya Tolkunai, sa'ar autata,
ta zana mata mazauni da alli a kankare.
Na ce, 'yata, daɓen nan yana da gangare.
Ta ɗaga takarda: nan an ce lebur ne.
Ban yi musu ba. Na laluba aljihun kwat,
na ciro tuffar da na ajiye don rana,
na ɗora ta a tsakiyar zanen allin.
Ta yi jim, kamar mai tunani,
sannan ta kama hanya, sannu, sannu,
ta wuce takalmin Ermek, ta tsaya a lungun magudana.

Shiru. Sai Tolkunai ta fashe da dariya.
Ta ɗauko magwaji, kumfa ta gudu gefe guda.
Aka sa jak, aka ɗaga ƙafar hagu,
sillen ƙarfe ɗaya, biyu, na uku siriri,
har kumfar ta dawo ta zauna tsakanin layi biyu
kamar wadda ta san gidansu.

Ba a haɗa ta ba tukuna. Bututai sun buɗe baki suna jira.
A sama, ɗakin masu jego, ana barci da riguna uku.
Na zaga ta sau biyu ina neman bakin shebur.
Babu. Maɓallai ne da ɗan gilashi mai lambobi.
Na aza tafin hannu a cikinta, sanyi ƙalau.
Na ce, baƙuwa, sanyin garin nan ba ya wasa,
kuma gado na bakwai yana jikin taga.

Katakon akwatin na roƙa, an bar mini,
garken tumakina na yoyo ta gabas.
Tuffar kuwa, Tolkunai ta goge ta a hannun riga,
ta raba biyu, ta miƙo mini babban ɓarin.